Ɗan Farin Kaka

Ana sussukar gero a tsakar gidanmu na Toranke ranar da labarin ya iso. Wani soja ne ya sauka daga motar Gaya, ya yi sallama da maza a zaure. Ya ce Baba ya faɗi a bakin daga, can kudu, kuma ba a samu gawarsa ba. Lokacin yaƙin basasa ne, ina 'yar shekara bakwai. Inna ta saki taɓarya ta shige ɗaki. Kaka, mahaifiyar Baba, ta ɗauki taɓaryar ta ci gaba da aikin.

Kada ka ce ba ta da zuciya. Baba ɗan farinta ne, kuma a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da na yi wayo, "wancan" take ce masa. Liman ya ce ba a yin salla babu gawa, amma ana iya yi masa sadaka. Kakanmu namiji ya riga ya rasu, don haka maganar tana hannunta. Duk wanda ya tayar da zancen, sai ta miƙe ta tafi duba awaki. Inna ta yi takaba ta gama. Uku, bakwai da arba'in duk suka wuce, ko gumba ba a daka ba.

Baffa, ƙanin Baba, shi ma soja ne, amma shi ya dawo. Bayan yaƙin da wasu shekaru, hafsan da yake yi wa hidima ya tafi da shi ƙasar Sin. Da ya zo hutu da damina, ya zauna a ƙofar ɗakin Kaka da ƙwaryar fura, ina gefenta ina tsince wake.

Ya ce an kai su wata tsohuwar makarantar horar da sojoji a kan tsibiri, sai da jirgin ruwa ake shiga. An daina karatu a cikinta, an bar ta don tunawa. Ya ga gadajen katako a jere, babu mai kwana a kansu. Daga baya aka kai su wurin wani dogon dutse da aka sassaƙa sunayen ɗaliban da suka mutu a yaƙi. Bai iya karanta ko ɗaya ba. Sai ga wata tsohuwa da sanda, tana bin rubutun da yatsa, har ta tsaya a kan guda ta kira shi a fili.

"Iya, na rasa inda zan sa kaina," in ji shi. "Nasu yana da inda ake zuwa a kira shi. Namu fa?"

"Sha furarka, ƙuda na faɗawa."

"Ba dutse nake nema ba. Ki ce a yi masa sadaka kawai. Dubi 'yarsa, ta kusa isa aure."

Kaka ta dube ni, ta daɗe. Leɓenta ya motsa, na ajiye faifan waken ina jira. Sai ta ce, "Hadari ya taso, ku kwashe shanya."

Baffa bai tsallake maganarta ba, a wancan zamanin ba a yin haka. Ya koma bariki. Da ciwon ajali ya kama Kaka, ta riƙe wuyan hannuna ta ce, "Tafiyarki irin tasa ce." Iyakar abin da na taɓa ji daga bakinta game da Baba ke nan.

Yanzu iyaye mata suna kiran 'ya'yansu na fari daga bakin ƙofa, ni ma haka nake kiran nawa. Baffa ya ce idan ya bar aiki za mu tara mutane, amma bai kai ba. Inna ma ta rasu. Sau biyu ina sa rana ina ɗagawa, ban san dalili ba. Har yau ba a yi wa Baba sadaka ba.