Lambar Wayar Malam Raba-Daidai

Tun da ya yi ritaya daga koyar da lissafi, Malam Raba-Daidai bai sake tsinana komai ba sai tinƙaho da lambar wayarsa. Wai ba ta rabuwa da kowace lamba sai ɗaya da kuma ita kanta. Ya gwada biyu, uku, bakwai, goma sha ɗaya, da ya gaji ya je ya roƙi kwamfutar makaranta ta ƙarasa masa. Matarsa dai abin da ta sani shi ne rufin ɗakin girkinta yana yoyo tun lokacin.

Duk wanda ya ba shi lambarsa ya jawo wa kansa. Sai ya karkace baki ya ce, "Da biyar ta ƙare? Ai wannan ko ɗan aji uku ya raba ta." Ta surukinsa kuwa ya tara lambobinta, ya ga jimlar ta rabu da tara, ya kira ta tarkace a gaban mutane.

Abin takaicin, layin da ke ɗauke da wannan lamba mai daraja ba ya kamawa a unguwar da suka koma. Sai ya taka har bakin titi, ya ɗaga waya sama kamar mai korar kaji.

"Malam, ka canza layin nan," in ji matar. "Yayanka yana kwance a asibiti. In aka neme ka fa?"

"Ke me kika sani? Irin wannan lambar, sai ki tara ashirin ba ki samu guda ba."

"To ka sayi na biyu mana."

"In haɗa ta waya ɗaya da gama-gari? Allah ya kiyaye."

Ta yi tsaki ta koma kan wankinta. Haushi ya ishe ta, don wannan yayan shi ya riƙe Malam tun yana maraya, ya bar karatu ya shiga kafinta don ƙanensa ya yi boko.

Wata safiya Malam na zaune a tsakar gida yana yi wa mai gyaran famfo lacca, maƙwabciya ta shigo da wayarta a hannu, ko mayafi babu. Ta ce 'yar yayansa ce a kan layi, tun asuba suke nemansa.

Kafin shi da matarsa su isa asibitin, an riga an ja labule a gadon, yayan ya cika. Suna tsaye a barandar asibiti wayarsa ta kama, ta shiga kaɗawa a aljihu, saƙo na bin saƙo. Matarsa ta zaro ta da kanta, ta danna na murya, ta ƙara sauti yadda kowa zai ji.

Muryar yayan ce, a shaƙe: "Ƙanena, kana ina ne? Ka zo mana."