Angon Kasuwar Umdurman

A kasuwar Umdurman akwai wani tsamurarren mai sayar da lalle, tafukansa kullum a ƙunshe kamar na ango. Shi ba ya kiran ciniki, karatu yake ba mata kyauta. Hannun dama lallensa ne, ja mai sheƙi. Na hagu kuwa na jabu ne mai haɗin rini, fatar duk ta saɓule.

"Ku duba da kyau, kada a cuce ku!"

Maza na wucewa suna yi masa mabruk, wato barka da angwanci, yana amsawa ko kunya babu. Da gani gwauro ne, wace mace za ta jure angwancin da ba ya ƙarewa?

Wata hajiya ta ce, "Ɗana, sunanka ya kai har unguwar Alsawra. Amma in fatar nan ta ƙare, da me za ka koyar?"

Sai ya zare takalmi, ya miƙo ƙafa.