Manhajar da Yaya Rabi ta zaɓar mana

Shekara shida ke nan da muka raka Yaya Rabi makwancinta a nan Suleja. Ni ne ƙaninta mai bi mata, kuma ina cikin masu riƙe da shafin labarai na intanet da ta kafa. Kowa da abin da yake tuna ta da shi. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai wata gardama ce da aka tafka a ofishinmu a kan manhaja.

Malamar makaranta ce kafin ta buɗe shafin. Da farko farashin doya da hatsi take sakawa, da sanarwar aure da rasuwa, da halin da hanyar Abuja ke ciki da safe saboda ma'aikata masu sammako. Kafin a ankara abu ya bunƙasa. Wakilai suka ƙaru, daga Zuma, daga Kurmin Sarki, har Gawu Babangida. Ƙaramar manhajar da ta fara da ita ta gaza. Duk ranar da masu karatu suka yi yawa sai shafin ya ƙi buɗewa, kuma Yaya kaɗai ke da ikon wallafa labari.

Ya zama dole a sauya manhajar sarrafa shafi, wato wadda a cikinta ake rubutu, a gyara, a wallafa, a adana. Editanmu Malam Bitrus ya kawo wani gwani daga Abuja da zai gina mana tamu ta kanmu. Samfurin da ya nuna ya burge kowa, har da Yaya. Ɗaya zaɓin kuwa wata tsohuwar manhaja ce buɗaɗɗiya, wato wadda kowa ke da damar ɗauka ya yi amfani da ita, ba ta da ado, sai dai masu iya gyaranta suna ko'ina.

"Malama, shafin nan ya girma," in ji Malam Bitrus. "Ya kamata a ɗinka masa riga daidai jikinsa."

"Gaskiyarka, Malam," ta ce. "Amma in telan ya bar gari muka ƙara ƙiba, wa zai buɗa mana ita?"

Ba ta yanke hukunci a ofis ba. Ta ce in tuƙa ta zuwa Gawu, wurin wakiliyarmu Ladi, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Ladi ta gwada aiko da labari ta wayarta da kowace manhaja. Samfurin gwani ya yi ta juyi bai buɗe ba, tsohuwar kuwa ta wuce da labarin har da hoto. A hanyar dawowa Yaya ta ce mini shafin na masu waya ne a kasuwa, su za a fara dubawa.

Tsohuwar manhajar buɗaɗɗiya ta zaɓa. Malam Bitrus bai ji daɗi ba, bai kuma ɓoye ba. Duk da haka shi ya jagoranci kwashe tsofaffin labarai zuwa sabon gida. Mun sha wuya. Wasu hotunan farko sun salwanta, haruffanmu masu ƙugiya suka rikiɗe, sai da muka bi su da hannu. Da aka gama, Yaya ta raba iko: wakili ya rubuta, edita ya duba, kalmar sirrin shafin kuma ta damƙa mana ita, ni da Malam Bitrus.

Damina ta gaba ciwo ya kwantar da ita. Ban ce ta san yana tafe ba, ita dai ba ta son aikin da zai tsaya don mutum ɗaya ba ya nan. Wata rana a asibiti na miƙa mata waya, ta karanta labarin da bai bi ta hannunta ba.

"Wa ya gyara wannan, Sani?"

"Malam Bitrus ne, Yaya."

Ta yi murmushi. "Ya yi kyau. Ka ce masa kanun ya yi tsawo."

Shi ya wallafa sanarwar rasuwarta. Jama'a suka yi ta shiga suna ta'aziyya, shafin bai ko girgiza ba.

Yau abubuwa sun sauya. Bidiyo ya mamaye ko'ina, ga manhajojin da ke rubuta labari da kansu. Da tana raye, na tabbata ba za ta tsorata ba, ba kuma za ta yi rawar kai ba. Tambaya za ta yi: in muka so tashi, za mu iya kwashe kayanmu gaba ɗaya? Wa zai amsa in aka wallafa ƙarya? Da irin waɗannan tambayoyin muke auna duk sabon abin da aka tallata mana, kuma har yau ba mu yi nadama ba.

Wata rana manhajar nan ma za ta tsufa mu sauya ta, hakan ba ya damuna. Abin da ya rage na Yaya shi ne mutanen da ta amince wa tun tana da ƙarfinta. Yawancin wakilanmu na yanzu ba su taɓa ganinta ba, amma kullum da safe suna aiko da labari, wani ya duba, jama'a su karanta, ba tare da an jira kowa ba. Allah Ya jiƙan Yaya Rabi, Ya kai haske kabarinta.