Surukin Nata'ala Mai Gwanda

Shekara ashirin Nata'ala yana tura baron yankakkiyar gwanda a Agege, daga bakin layin dogo zuwa kasuwa. Gindin gwanda bakwai ne a bayan ɗakinsa, da su yake ciyar da iyali. Mutum ne mai tsoron Allah, sai dai tsoron ya fi ƙarfin kansa.

Shida suna haihuwa har su rankwafa. Na bakwai kuwa sai fure zara-zara, ko ɗa ɗaya babu. Wata rana ya tare ni a ƙofa, ni tsohuwar unguwarsu.

"Iya, wannan maita aka yi mata?"

Na ce, "Wace maita, ɗan nan? Namiji ne. Ƙudan zuma ke kwasar garin furensa ya kai wa matan, su ɗauki ciki."

Da na sani na ja bakina. Mutumin nan ya yi salati, ya ce ashe ƙato yake kiwo a tsakiyar mata shida, babu waliyyi babu shaidu. Matarsa Hajo na cewa, "Malam, itace ne fa!" shi kuwa ya riga ya kai shi ƙasa da adda.

Daga nan fure ya dinga fitowa yana kakkaɓewa. Ya zuba kashin kaji, ya tofa addu'a, ya yi musu wa'azi a kan haƙuri. Baro ya yi tsatsa, Hajo ta koma dafa garau-garau ba mai.

Damina na zagayowa sai ga 'ya'ya reras. Ya leƙa ta kan katanga, ya hango wani namijin ya tsiro a jujin maƙwabcinsa Zakka, ɗan Kafanchan mai tuƙa keke mai ƙafa uku. Kwana uku Nata'ala bai gaishe shi ba. A na huɗu ya ji Zakka na wasa adda, zai share wurin ya kafa wa kekensa rumfa.

Da idona na ga Nata'ala ya saka babbar rigar Juma'a, ya ɗauki ƙullin goro, ya durƙusa a bakin juji.

"Oga Zakka, iri na zo nema."

Zakka ya dubi goro, ya dubi itace. "Malam, ka san fa a gidan Kirista yaron nan ya tashi."

"Allah ya shirye shi. Kai dai ajiye addar."

Har yau keken Zakka a waje yake kwana, ruwa na dukansa, amma kowace Juma'a gwanda biyu na tsallaka katanga zuwa gidansa.