Rumbu Nawa Ne a Gidanku?

Shekarar da aka sauke tutar Turawa ina koyar da aji uku a wata elementare a Birnin Kebbi, saurayi ne ni mai ɗaga hanci, gani nake duk garin ni kaɗai na iya lissafi. Iskar farkon damina ta kwashe rufin ajina. Muka koma karatu a kango, da hadari ya haɗo sai in kori yara gida.

Na yi ta zarya ofishin haraji, don daga harajin gidaje ake yanka wa makaranta nata. Malamin haraji ya ce unguwarmu ba ta cika abin da aka aza mata ba, kowane maigida ya rantse gulbi ya cinye shinkafarsa, don haka ba kwano ba ƙusa. Haushi ya kama ni, don na san ƙarya ce.

Dalilin sanina kuwa, ba na koyar da tarawa da tsakuwa. Cewa nake, “Rumbu nawa ne a gidanku? Awaki nawa? Ku tara.” Yara kuma su rubuta gaskiyarsu. Akwai wata yarinya 'yar manomi da ta fi kowa kai. Ita ta rubuta rumbu ɗaya a gida, biyu a Argungu wurin baffanta, da jirgin ruwa guda, har na ba ta goma bisa goma.

Na kwashi littattafan arba'in na dire wa malamin haraji a kan tebur. Wallahi rufi kawai nake so, ban yi tunanin komai gaba da haka ba.

Ranar kasuwa da hantsi 'yan doka suka taro magidanta zuwa filin makaranta. Aka miƙo mini littattafan, aka ce ni zan karanta tunda hannun yarana ne. In na kira gida na faɗi rumbunan, in maigida ya musa sai dorina. Uban yarinyar nan ya musa sau uku. Suka tuɓe masa riga, suka ɗaure shi a jikin turken tuta, suka yi ta zuba masa har fatar bayansa ta tsage. Da ya fizge hannu ɗaya ya kare fuskarsa, wani ya sauke masa kulki a gwiwar hannun, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake tsaye. Ya ɗago ya dube ni.

“Malam, wa yab ba ka labarin rumbuna?”

Malamin haraji ne ya ɗaga littafin ya nuna wa jama'a sunan 'yarsa. Tana nan cikin ɗalibai, ta saka ihu ta faɗi.

Da la'asar uwarta ta tare ni a bakin rijiya da taɓarya a hannu.

“Mun ba ka ɗiya ka koya mata karatu, kai ko kam maishe ta 'yar leƙen asiri! Mi munka yi maka?”

Ta maka mini a kafaɗa, ta ƙara a baki, haƙorana biyu suka zube. Mutane suna tsaye suna kallo, ba wanda ya riƙe ta. Ban kai ƙara ba, kunya ma ba za ta bar ni ba.

Haraji ya cika har ya yi rara. Kafin kaka aka buga mana kwano sabo fil, mai ƙyalli. Yarinyar an kai ta Argungu, ban sake ganinta ba, ubanta kuma hannun ya warke a karkace, bai ƙara riƙe fartanya da shi ba. Cikin yara arba'in goma sha ɗaya ne suka dawo, su ma don mai unguwa ya matsa.

Ranar da suka dawo na rubuta biyu a tara da uku a allo, na nuna na gaba. Ya miƙe ya harɗe hannu.

“Ban sani ba, Malam.”

Na nuna na kusa da shi, shi ma haka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na ɗaga bulala, na yi rantsuwa ba wanda zan gaya wa. Na ƙarshen, ƙaramin cikinsu, yana kuka ya ce, “Babanmu ya ce ko sunana kat tambaya, in ce ban sani ba.”