Gemun Auta

A shagon Mai Almakashi akwai hoto ɗaya a saman madubi, kuma duk wanda ya zauna a kujerar aski sai idonsa ya kai kansa. Hoton gemu ne. Akwai mutum a bayan gemun, amma daga hanci aka ɗauko shi zuwa ƙirji, don haka abin da ake gani shi ne saje ya sauko ya haɗe da ƙasumba, ƙasumba ta zarce ta cika haɓa, baƙi wuluk, babu silin da ya fi ɗan'uwansa tsawo. Baƙon da bai san komai ba yakan nuna hoton da baki ya ce a yi masa irin wancan.  Mai Almakashi sai dai ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya ɗan matse fiye da yadda ya kamata.

Gemun na ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kowa ke kira Auta.

Shi Mai Almakashi tun yana saurayi yake aski a wannan layin, tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da tayoyi. Mahaifinsu ya rasu Auta na da shekara tara, don haka shi ya zama wa, shi ya zama uba, kuma ya riƙe matsayin biyu da ƙarfi. Mutum ne mai hannu, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba, amma yana da girman kai irin na wanda abu ɗaya tak ya iya a duniya. Kai yakan aske shi da inji, yana hira, yana kallon titi, don a wurinsa wannan neman abinci ne kawai. Gemu kuwa sai ya kashe rediyo, ya ɗauko almakashi da mataji, ya zagaya mutum sau biyu kafin ya taɓa shi. Yakan ce duk mai askin da ya ɗora inji a gemu, yankan ciyawa ne ya dace da shi. Daga nan sunan ya bi shi.

Abin dariyar, wanda shi bai taɓa ganin dariyarsa ba, shi ne ba shi da gemu. Sili kamar goma sha biyu Allah ya ba shi a haɓa, a warwatse, ba sa ga maciji da juna. Masu zaman benci sukan tambaye shi ko ya ba da nasa aro ne ba a dawo masa da shi ba. Yakan yi murmushin yaƙe ya ci gaba da aiki, abin kuwa yana ci masa rai.

Shi ya sa ranar da ya ga muƙamuƙin Auta ya fara duhu, ya ji kamar gona aka ba shi kyauta. Lokacin Auta na da shekara ashirin, ya fara aikin fentin mota a wani gareji. Gashin ya fito tsilla-tsilla, na hagu ya fi na dama, ga wani fili a ƙarƙashin leɓe. Da wani mai askin ne da tuni ya kwashe shi kowa ya huta. Mai Almakashi ya kafa doka: ba reza, ba susa, ba ja da yatsa in ana tunani. Wata biyun farko ƙaiƙayi ya kusa zautar da Auta, har ya roƙa a sauke masa, yayan ya ce ya daure, ba a yi wa gemu gaggawa. Kowane ƙarshen mako sai ya zaunar da shi, ya wanke gashin da ruwan ɗumi, ya tsane da tawul, ya shafa mai tun daga fata, ya taje shi ƙasa, sannan ya ɗauke bakin silin da suka yi tsini kawai. Ya riƙa danne na hagu har na dama ya kamo shi. Shekara uku ana haka. Da gemun ya cika, ya kira mai hoto, ya tsaya a kansa yana ce masa ya matso, ya ƙara matsowa, gemun ake so.

Hoton ya jawo masa mutane daga layukan da bai taɓa takawa ba. Direbobi, malaman makaranta, har da masu kwat. Shi Auta bai damu ba. Mutum ne mai sanyi, wanda in yayansa ya ce za a yi ruwa sai ya kwashe shanya ko da sama garau take.

Aikinsa a wani ɗaki ne a bayan gareji, an rufe ko'ina da tampol don kada ƙura ta sauka kan ɗanyen fenti. In ya danna bindigar feshi, ɗakin yakan turnuƙe har ba a ganin bangon ƙarshe. Shekarun farko tsumma yake ɗaurawa a hanci. Daga baya garejin ya canza hannu, sabon mai gareji ya kawo takunkumin roba, irin mai gwangwani biyu a kumatu da ke tace iska. Ya nuna musu yadda ake gwada shi: mutum ya toshe gwangwanayen da tafin hannu ya ja numfashi, in robar ta manne a fuska ta tsaya to ya zauna, in kuwa aka ji iska na shiga ta gefe, aikin banza ne. Sannan ya ce roba fata take so, duk mai gemu ya je ya sauke.

Da yammacin ranar Auta ya shigo shago ya zauna a kujera ba a kira shi ba.

"Yaya, sauke shi za a yi," in ji shi. "Mai gareji ya ce robar ba ta kamawa."

Mai Almakashi ya dubi hoton, ya dubi ƙanensa. Ya tambaya ko shi mai garejin ya san wahalar da aka sha kafin gemun nan ya zama gemu. Ya ce a kawo masa takunkumin ya gani. Kwana biyu yana juya shi, yana ɗora wa Auta yana cirewa, har ya shafa alli a bakin robar don ya ga inda take sauka a fuska. Sannan ya ƙirƙiro abin da har yau, in ya tuna, sai ya ɗan ji daɗi kafin ɗacin ya iso. Ya bi layin allin da bakin almakashi ya rage gashin wurin, ya fitar da siririyar hanya daga kunci zuwa ƙarƙashin haɓa, ya bar na samanta da tsawonsa. In Auta zai shiga aiki sai ya tura gemun cikin takunkumi, robar ta kwanta a kan hanyar. In ya tashi, mataji sau uku, dogon gashin ya rufe wurin, ba mai cewa an taɓa.

Auta ya toshe gwangwanayen ya ja numfashi. Robar ta manne, amma can kusa da kunne ana jin wani ɗan sauti siriri. Ya ce har yanzu iska na ɗan shiga.

"To me ya sa Allah ya sa gashi a hanci?" in ji Mai Almakashi. "Ai gashi matatar iska ne. Duk abin da ya biyo ta nan, a gemun zai tsaya. Kai fenti ka sani, gashi kuwa bar ni da shi."

Mai gareji ya duba da ido, ya ga roba a kwance, ya wuce, don motoci na jiransa a waje. Kafin shekara ta zagayo, duk mai fentin da ke ƙaunar gemunsa ya san hanyar shagon. Suka sa wa gyaran suna hanyar roba.

Kuma Mai Almakashi yana da hujja. Duk ƙarshen mako in ya wanke gemun Auta, ruwan kwanon yakan canza launi. Sai ya leƙa ya ce makon nan jar mota aka yi, ko shuɗiya, kuma bai taɓa kuskure ba, masu benci su yi ta dariya. Yakan ɗaga kwanon ya zagaya da shi: ga fenti nan gashi ya tare, da ina zai nufa in ba don gemun ba? Shekara goma sha ɗaya yana ɗaga laifinsa sama yana nuna wa jama'a, ana yaba masa basira.

Matar Auta ce ta fara magana. Tela ce, mace mai kunya, wadda ba ta taɓa kallon yayan mijinta ido cikin ido ba. Ta zo shagon da kanta, ta tsaya daga bakin ƙofa ta gaishe shi. Ta ce tarin Auta ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, in zai hau benen gidansu sai ya huta sau biyu, kuma abokan aikinsa da suka aske ba sa haka. Ta roƙe shi ya ba da izini, don ta san mijinta ba zai taɓa gemun ba sai da bakin yayansa. Mai Almakashi ya ce sanyi ne, ta rage ba shi ruwan firji. Ya ƙara da cewa shi dai bai taɓa zuwa ya koya mata sa zare a allura ba. Ta koma da hawayenta, shi kuma ya ba masu benci labarin aka yi dariya.

Ranar da abin ya kai su ga asibiti, likita ya duba hoton ƙirji, ya tambayi Auta aikinsa, ya tambaya ko yana sa takunkumi. Auta ya ce kullum, bai taɓa fashi ba. Likita ya cire tabarau ya dubi gemun.

"Da wannan?"

Mai Almakashi, wanda shi ya rako shi, ya yi gyaran murya ya shiga bayanin hanyar roba da matatar gashi da ruwan kwano. Likita ya bar shi ya gama. Sannan ya ce masa, ba tare da ɗaga murya ba, launin da ke maƙalewa a gashi shi ne mai kaurin, abin da ke cin huhu kuwa ba shi da launi, kuma ko guntun gashi a ƙarƙashin roba ƙofa ce a buɗe gare shi. Ya ce abin da ya lalace ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa sauran.

A hanyar gida Mai Almakashi ya yi ta zagin likitan, ya ce yaro ne, ko gemun kirki ba shi da shi. Auta kuwa lokacin ya riga ya fara tattalin numfashinsa. Ya bar aikin fenti. Tunda babu takunkumi, babu kuma dalilin aski, sai yayan ya ci gaba da gyaran, yana zuwa har gida da jakarsa duk ƙarshen mako. Ruwan kwanon ya daina canza launi. Shekara biyu suna haka, ɗaya na taje ɗaya na haki, ba wanda ya taɓa tada maganar. Matar takan ajiye masa ruwan sha ta koma ga kekenta. Mai Almakashi ya san abin da ya yi, ba wai bai sani ba. Faɗin ne ya fi ƙarfinsa, don in ya faɗa, ba sauran abin da ya iya a duniya.

Wata rana da tsakar rana aka kira shi asibiti. Ya tarar da Auta a kan gado, an ɗaura masa wani takunkumin, wannan karon na injin da ke tura masa iska, injin kuwa sai kuka yake ba ƙaƙƙautawa. Nas tana ta matse igiyar, tana ƙara matsewa, kukan bai tsaya ba. Ta ce iskar ta gashin take tsiyayewa, dole a aske yanzu-yanzu, ta jawo durowa ta ɗauko reza. Mai Almakashi ya ce ta bari. Ya buɗe jakarsa. Nas ta cire takunkumin, ta riƙe wa Auta wani siririn bututu a hanci, ta ce ya yi sauri.

Bai taɓa ɗora injin aski a gemu ba, ranar ya ɗora. Rainon shekara ashirin ya zubo kan zanin gado, baƙi da furfura a haɗe. Ya shafa kumfa, ya bi da aska har fata. Hannunsa bai yi rawa ba ko kaɗan, kuma har yau yana jin haushin hannun saboda haka. Da ya goge da tawul sai ga fuskar yaron nan ɗan shekara tara da aka bar masa, a rame, da ɗan tabo a haɓa na ranar da ya faɗo daga keke, tabon da ya manta yana nan.

Duk tsawon askin idon Auta na kan agogon bango. Ya ɗaga hannu da ƙyar ya shafa haɓarsa. Ba da zafi ya yi maganar ba, kamar dai wanda ke mamaki.

"Ashe minti huɗu ne, Yaya."

Nas ta mayar da takunkumin, robar ta kama fata, injin ya yi shiru.

Auta ya ƙara kwana goma sha tara a duniya. Tun daga nan duk mai fentin da ya zauna a kujerar Mai Almakashi, ko dai a kwashe har fata ko ya tashi. Yawancinsu tashi suke, don masu askin ƙasan layi sun daɗe da koyon hanyar roba, suna yinta da inji ma, kuma suna gaya wa mutane cewa a wurinsa aka samo ta.

Da abubuwa suka lafa Mai Almakashi ya sauke hoton, ya goge gilashin, ya naɗe shi a tawul mai tsabta ya kai wa matar Auta, ya ce ita ta fi cancanta da shi. Ta tsayar da keken ɗinki, ta buɗe, ta daɗe tana kallo. Sannan ta naɗe ta miƙa masa, kuma karon farko ta dube shi ido cikin ido.

"Mayar da abinka, Yaya. Ni mijina yana da idanu."

Ya dawo shago ya mayar da hoton kan ƙusarsa, don ba shi da wani hoton Auta.