Alawar da Na Hana a Karya

Minna
Ƙarfe biyar na asuba na bar gida a Fadikpe, shekarar da aka gama yaƙin basasa. Wurin aiki ne suka tura ni kwas Japan. 'Yata Hajara, mai shekara uku, tana kwance da ƙyanda. Uwarta ta ce, "Malam, tafi abinka, ƙurajen sun fito, sauƙi ke nan." Na tafi, amma zuciyata ba ta so ba. Jirgin ƙasa ya kai ni Kano, sojoji suka zazzage akwatina, washegari na hau jirgin sama.

Tokyo
Lokacin kaka na tarar, ganyaye sun yi jawur. Suna cin ɗanyen kifi, ni kuwa shinkafar kawai nake tsinta. Wata Lahadi malaminmu Sato da matarsa suka kai ni wurin bautarsu. Na tsaya a bakin jar ƙofa na ce addinina ya hana ni shiga, bai ji haushi ba. Bikin yara ne 'yan shekara uku da biyar da bakwai, ana godiyar sun rayu. Kowanne yana riƙe da doguwar alawa kamar kara, ja da fari.

Matar ta tambayi shekarun 'yata, ta je ta sayo ɗaya. Sato ya fassara mini: "Ta ce tsawon alawar, tsawon ran yarinya. Kai mata da tsawonta."

Na san rai na Allah ne. Duk da haka na naɗe ta cikin rawanina, ban yarda ta shiga akwati ba.

Kano
Da na dawo, ɗan kwastan ya jujjuya alawar. "Sai na karya na ga cikinta."

"Don Allah, yallaɓai, ta yarinya ce."

Ya dube ni ya miƙo mini. A kan cinyata ta yi tafiya har Minna.

Gida
Da la'asar na iso. Yayana na zaune a ƙofar gida, ya kasa dubana. An binne Hajara tun makon da na tashi. Shi ya hana a buga mini waya, don kada in bar kwas.

Na shiga ciki. Uwarta ta kalli abin da ke hannuna ta ce, "Tsarabarta ce?"

Na kira yaran maƙwabta, na kakkarya alawar da hannuna na raba musu sadaka. Na gode Allah da ya dawo da ni lafiya. Na gode wa matar Sato, wadda har yau ban iya gaya mata ba.